Tsohuwar Cikin Akwatin Amsa-Kuwwa

Abin ya fara ne da yamma lis, a lokacin nan da rana ta riga ta faɗi amma duhu bai gama yanke shawarar shigowa ba. Injiniya yana ɗakin aikinsa da ke bakin ƙofar gida, ya sunkuya kan tebur, hayaƙin dalma yana tashi a hankali yana lasar gemunsa. A tsakar gida matarsa tana kwashe shanya, autarsu kuma tana wanke kofuna tana rera wata waƙa da ba ta da kai ba ta da gindi.

Ba wata makaranta ce ta ba shi sunan Injiniya ba. Unguwa ce ta ba shi, shi kuma ya karɓa hannu bibbiyu. Gyaran lasifika da amfilifaya ne sana'arsa, amma abin da ya fito da shi shi ne akwatin amsa-kuwwa da yake haɗawa da hannunsa. Mawaƙi ko mai shela ya jona shi da makirfo, ya ce "jama'a" sau ɗaya, akwatin ya ce "jama'a, jama'a, jama'a", har mutum ya fara zaton shi ma wani ne.

A cikin akwatin akwai wani ɗan baƙin abu kamar farcen babban yatsa, mai ƙafafu a jere, wanda masu sana'ar ke ce wa ayisi. Shi ke riƙe murya ya mayar da ita. Ɗaya daga cikin ƙafafunsa ita ce linzami: gwargwadon wutar da aka ba ta, gwargwadon tsawon amsar. Wannan ƙafa ba ta ɗaukar fiye da bolt uku da ɗan ɗoriya a ma'aunin ƙarfin wuta. Fedar da mawaƙi ke takawa kuwa, idan an danne ta har ƙasa, tara take turowa. Kowane mai gyara ya san maganin wannan: rasisto biyu masu rage ƙarfin wuta a tsakani, babba a kan hanya, ƙarami ya gangara ƙasa, kashi biyu na wutar su tsaya a waje, kashi ɗaya ya shiga. Injiniya ya san haka kamar yadda ya san hanyar bakinsa. Sai dai ba ya sawa.

Dalilinsa shi ne ya gano wani abu. Idan tara ta afka wa ƙafar uku, kafin ayisin ya mutu yakan yi wani irin kuka, siriri, mai tsawo, mai karkarwa, wanda ke sa gashin jikin mutum ya miƙe. Mawaƙa suka haukace a kan kukan nan. Babu akwatin kowa da ke yin sa sai na Injiniya. Idan ayisi ya ƙone, sai ya cire ya sa sabo, ya wurga mataccen ta tagar bayan ɗaki, ya ce wa mai akwatin, "Haka abu mai kyau yake, ba ya daɗewa."

To, a yammacin nan ma haka ya yi. Ya taka feda har ƙasa, kukan ya cika ɗakin, ya lumshe ido yana jin daɗin gwanintarsa. Sai kukan ya yanke, ƙaurin ƙuna ya tashi. Ya ɓamɓare ayisin, ya wurga ta taga.

Bai kai ga ɗauko sabo ba ya ji ƙas a kan kwanon rufi.

Ya saurara. Shiru. Waƙar Auta ma ta tsaya. Sannan ƙas, ƙas, sai kuma wani abu ya gangaro ta kan kwano, a hankali, kamar mai lissafa kwararon rufin, ya faɗo tsakar gida.

"Baban Auta," in ji matarsa, muryarta ƙasa-ƙasa. "Jifa ake yi."

Ya fito yana gyara wuyan riga. "Yaran maƙwabta ne. Bari in kama ɗaya, sai ya gane kurensa."

Ya leƙa lungu, babu kowa, ko akuya. Da ya dawo ya sunkuya ya ɗauki abin da ya faɗo. Ba dutse ba ne. Mataccen ayisi ne, ƙafafunsa a lanƙwashe, da ɗigon dalmar da ya san hannunsa ne ya ɗiga. Kuma da ɗuminsa, kamar yanzu aka cire shi daga wuta.

"Mene ne?" in ji matar.

"Tsakuwa," ya ce, ya jefa a aljihu.

Daga ranar, magariba ta zama abin tsoro a gidan. Da rana komai lafiya lau, kaji na tono, rediyon maƙwabta na surutu. Amma da zarar inuwar katanga ta rufe tsakar gida, sai jifa ta fara, ɗaya bayan ɗaya, ba gaggawa, kamar wanda ke mayar da kaya ga mai su. Injiniya ya riƙa riga kowa tsincewa, har aljihunsa ya fara nauyi. Wata jifar ta shigo ta taga ta fasa ƙwan fitilar da ke kan teburinsa. Sannan murya ta biyo baya. Yana tsaye a tsakar gida, ɗakin aiki a kulle, babu abin da ke jone da wuta, sai ya ji muryarsa ta kansa daga ciki tana cewa, "Gwaji, gwaji, ɗaya, biyu," tana maimaitawa tana nisa, kamar mai sauka cikin rami.

Matarsa ta dube shi. Shi kuma ya dubi sama, ya ce wataƙila akwai sauran wuta a cikin wani abu.

Sai abin ya taɓa Auta. Wata yamma uwar ta ce, "Auta, miƙo min buta."

"Buta," in ji Auta. "Buta. Buta."

"Ke, ni sa'arki ce?"

"Sa'arki ce. Sa'arki ce. Ki ce."

Uwar ta ɗaga hannu, amma hannun ya tsaya a sama. Yarinyar tana zaune a kan tabarma, idanunta a buɗe, hawaye na zuba, bakinta na motsi ba da izininta ba. Tun daga lokacin ba ta ƙara faɗin kalma ɗaya tata ta kanta ba. Abin da aka faɗa a gabanta shi take mayarwa, sau uku, sau huɗu, kowanne ya fi na baya rauni. An kai ta asibiti, aka leƙa maƙogwaro da fitila, aka ce ba a ga komai ba. Amma wuyanta zafi yake kamar bakin ƙarfen dalma, ruwa ma da kyar yake wucewa, kuma kullum muryar ƙara sirancewa take, kamar zaren da ake ja. Gidan ya koma magana da hannu, don kada a wahalar da ita.

Ranar da Injiniya ya sare ita ce ranar da Auta ta buɗe baki da magariba, ba wanda ya ce mata komai, ta saki wani kuka siriri, mai tsawo, mai karkarwa. Gashin jikinsa ya miƙe. Matarsa ta juyo a hankali.

"Na san kukan nan," ta ce. "Daga ɗakinka yake fitowa. Shekara nawa ina jin sa ina girki."

Bai ce tsakuwa ba a wannan karon. Ya sa takalmi ya tafi kiran Malam.

Malam tsoho ne siriri, mai tabarau da aka ɗaure ƙafarsa da zare, wanda ya ƙare rayuwarsa tsakanin littattafai da marasa lafiya irin waɗanda asibiti ke sallama. Ya iso ana gab da faɗuwar rana. Ya zauna a gefen tabarmar, ya dubi yarinyar, ya fara karatu da ƙarfi kamar yadda ya saba. Bai kai ƙarshen aya ba bakin Auta ya mayar masa da ita, sannan ya sake mayarwa a kan ta farko, amsa na hawa kan amsa, har ɗakin ya ɗauki ƙara, kofunan da ke kan kanta suka fara rawa. Jijiyoyin wuyan yarinyar suka tashi.

Malam ya dakatar da karatun. Ya cire tabarau ya goge.

"Wannan ba ta gudun karatu," ya ce a hankali, ya ɗaga hannu kafin a maimaita. Ya yi wa iyayen alama su kama bakinsu. Sannan ya ci gaba da karatunsa a zuci, leɓɓansa kawai ke motsi.

Shirun ya yi tsawo. Haske ya janye daga taga, ya bar bango. Babu jifa, babu tari, har numfashi kowa ya riƙa ɓoyewa. Bakin Auta yana buɗewa yana rufewa, yana neman abin da zai kama, babu. Injiniya yana jin bugun zuciyarsa, yana tsoron kada ita ma a maimaita ta.

Can sai wata murya ta fito daga bakin yarinyar, muryar tsohuwa tukuf, a shaƙe, kamar daga ƙasan tulu.

"Kai dai ka iya mugunta, Malam. Ka bar ni ba abin cewa."

"Sai maganarki ta kanki," in ji Malam. "Baiwar Allah, wace ce ke, kuma me yarinyar nan ta yi miki?"

"Ita? Ba ta yi min komai ba. Tana da maƙogwaro mai kyau, shi ke nan. Tambayi wancan mai ƙona gidan mutane."

Idanun Auta suka juya kan ubanta.

"Akwai rijiya a nan," in ji muryar. "Tun ba a haifi kakansa ba nake cikinta. Ban taɓa cutar kowa ba. Yara su leƙo su yi ihu, in mayar musu, su gudu suna dariya. Aikina ke nan. Sai wannan ya zo ya cike ta da ɓaraguzai, ya gina ɗakin hayaƙinsa a kai. Na yi haƙuri. Ina yawo a gindin bango, sai na ga ya kawo wasu ƙananan rijiyoyi baƙaƙe, ka zuba murya su riƙe su mayar. Na ce to, Allah ya musanya. Ƙanƙanta ba komai, na shiga. Ban gama shimfiɗa ba ya sako min wuta ta ƙofa."

"Wuta?" in ji Malam.

"Ƙofar tana da iyakar abin da take ɗauka. Ya sani. Ninki uku yake turowa. In ƙone, in fita, ya jefar da gidan, ya kawo sabo, in shiga, ya sake. Ka tambaye shi kukan da yake sayar wa mawaƙa, kukan wa ne?"

Babu wanda ya dubi Injiniya, kuma wannan ya fi masa ciwo da a ce an dube shi.

Malam ya gyara zama. "An zalunce ki, Iya. Amma kin bar mai laifi kin kama marar laifi. Za ki fita."

"In tafi ina? A tone min rijiyata."

"Rijiya ta tafi. Ɗakin nan da ita ake ciyar da yarinyar da kike ciki."

"To a bar min yarinyar. Da rana tata, da magariba tawa."

"Ko ƙiftawar ido ban ba ki ba. Kin ga yadda wuyanta ya koma. Jikin ɗan Adam ma yana da iyakar abin da yake ɗauka, kuma ke kin fi kowa sanin haka yanzu."

Auta ta haɗiyi yawu da kyar.

"Gida nake so wanda ba ya ci da wuta," in ji muryar. "Ya gina min yanzu, ina kallo. Kuma ba na sayarwa ba ne. Amma ka ji sharaɗina, Malam. Sau ɗaya zan shiga. Idan na ji ƙuna, ko kaɗan, zan dawo nan, kuma wallahi ko kai ba za ka ƙara fitar da ni ba sai da muryarta a hannuna."

Malam ya juya. "Injiniya, abin da take nema, ana iya yi?"

"Ana iya yi, Allah gafarta Malam." Muryarsa ta fito ƙarama. "Rasisto biyu ne. Sai dayod biyu masu gadi, ɗaya ya kwashe wutar idan ta haura, ɗaya idan ta zame ƙasa da sifili."

"Tsada gare su?"

Injiniya ya sunkuyar da kai. Matarsa ce ta amsa, "Cike da gwangwani suke a ɗakinsa. Ni nake share su."

Aka kamo Auta aka kai ta ɗakin aiki, aka zaunar da ita a kan benci. Ƙwan fitilar tebur tun da ya fashe ba a sauya ba, sai matar ta riƙe tocila wadda batirinta ya fara gajiya. Injiniya ya ɗauko sabon ayisi ya dasa a akwati. Ya zazzage gwangwanin rasisto, ƙananan abubuwa kamar ƙwayar shinkafa, kowanne da zoben launi a jikinsa. Babban da yake nema zobensa na farko ja ne, ƙaramin kuma ruwan ƙasa. Ya tsinto su, ya lanƙwasa ƙafafu, ya ɗiga dalma. Duk lokacin da ya ɗaga kai sai ya ga idanun 'yarsa a kansa, da wani kallo da ba nata ba.

Ya gama raba wutar. Ya kama bakin wayar zai liƙa ta a ƙafar ayisin, kamar yadda ya saba, da niyyar ya ƙara masu gadin daga baya.

Matarsa ta riƙe masa wuyan hannu.

"Ka auna."

"Maman Auta, aikin nan na fi shekara..."

"Baban Auta. Ka auna."

Ya ajiye wayar. Ya jawo mitar auna wuta daga ƙarƙashin tarkace, ya busa ƙurar da ke kanta, ya ɗora baƙin tsinkenta a wayar ƙasa, jan a mahaɗar rasiston biyu. Ya sa ƙafa ya danne feda a hankali. Lamba ta fara hawa. Ɗaya. Biyu. Uku. Ba ta tsaya ba. Huɗu. Biyar. Da fedar ta taɓa ƙasa, mita ta tsaya a kan shida.

Wata 'yar dariya ta fito daga bakin Auta, busasshiya, ba daɗin ji.

Gumi ya keto wa Injiniya. Ya karɓi tocilar ya kusanto da ita har tana taɓa allon. A wannan jan haske mai mutuwa, ja da ruwan ƙasa sun zame masa abu ɗaya. Ya sa ƙaramin a kan hanya, babban a ƙasa, wutar ta rabu a juye: kashi ɗaya ya tsaya, biyu suka wuce. Da ya liƙa wayar nan, da shida ce za ta tarbi tsohuwar a bakin ƙofa.

Ya narkar da dalmar, ya juya su, kowanne ya koma gurbinsa. Ya ɗora dayod biyun. Ya sake aunawa, feda a sama, sifili. Feda a ƙasa, uku cif. Ya saki, ya sake dannewa, ya buga ta da ƙarfi irin bugun mawaƙin da kiɗa ya ɗebe. Uku. Ya zare wayar fedar ya mayar, yana kallon ko lambar za ta yi tsalle. Ba ta yi ba. Sai a lokacin ya liƙa wayar a ƙafar ayisin, ya kunna akwatin, ya ja da baya.

"Iya," in ji Malam, "ga gida."

Lasifika tana huci a hankali. Auta ta miƙe kamar wadda aka ja da igiya, ta sunkuya kan makirfo, ta yi dogon numfashi a cikinsa, har Injiniya ya ɗauka ba zai ƙare ba. Sannan jikinta ya saki, uwar ta tare ta.

"Taka," in ji Malam.

Wannan ne abin da Injiniya ya fi tsoro. Ya ɗora ƙafa, ya rufe ido, ya danne har ƙasa. Numfashin nan ya fito ta lasifika, ya dawo, ya sake dawowa, mai zurfi, mai sanyi, kamar iskar da ke fitowa daga bakin rijiya. Babu kuka. Ya sa yatsa a bayan ayisin. Sanyi ƙalau.

Suka tsaya suna kallon Auta, ba wanda ya yarda ya fara magana, don kowa na tsoron jin kalmarsa ta dawo. Ta buɗe ido, ta dubi rufi, ta dubi uwarta.

"Mama," ta ce, muryar a dishe amma tata ce, "ƙishirwa nake ji."

Uwar ta jira. Ba a maimaita ba. Sai ta fashe da kuka, ta fita da gudu neman kofi.

Akwatin yana nan a kan kanta mafi tsawo a ɗakin aikin, an lulluɓe shi da ƙyalle mai tsabta, kuma ko nawa aka taya Injiniya cewa yake ba na sayarwa ba ne. Mita ta bar ƙarƙashin tarkace ta koma rataye a wuyansa, har unguwa ta fara tunanin sauya masa suna. Duk akwatin da ya fita daga hannunsa yanzu da rasisto biyu da masu gadi biyu yake fita, kuma ba ya dawowa a ƙone.

Mawaƙa dai ba su ji daɗi ba. Wani daga cikinsu, mai gashi kamar an yi masa aski da gardama, ya zo har gida ya taka sabon akwatinsa, ya taka, ya yamutsa fuska.

"Injiniya, ina kukan nan? Shi fa na biyo. Ko hannunka ne ya fara tsufa?"

Injiniya ya saurara. A tsakar gida Auta tana wanke kofuna, tana rera waƙarta marar kai marar gindi. Ya ɗaga ido ya dubi kantar sama.

"Mai yin sa ta daina," ya ce. "In kuma dole sai ka ji shi, kawo yatsanka, ga ƙarfen dalma nan da zafinsa."